Karafs: me ya sa irin yake ƙin fitowa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau ina gona a Ɗa'ifa, sanyin safiya bai sake mu ba tukuna. Wata Hajiya daga Makka ta aiko min saƙo, wai sau uku tana shuka karafs a kan rufin gidanta, ko ƙyallinsa ba ta gani ba. Karafs dai shi ne seleri a bakin mutanen gida, dangin karas ne da baƙdunis da kuzbara, wato parsley da coriander a Turance.

Hajiya, dubi tafin hannuna. Kin ga irin? Bai kai ƙwayar gero ba. Ina kyautata zaton binne shi kika yi, shi kuwa sai ya ga haske yake tsirowa. Ki barbaɗa shi a kan ƙasa mai laima, ki ɗan danna da hannu, shi ke nan. Sai haƙuri, don yakan ɗauki mako 2 zuwa 3. Ni ma farkon zuwana na zubar da tire guda a kwana na goma, ashe yana tafe.

Sai maganar zafi. Ya fi son digiri 15 zuwa 21, idan ya haura 30 irin yakan kwanta ya ƙi tashi. Mu nan muna kan tsauni, wajen mita 1,800, shi ya sa yake yi mana. Ke da kike Makka, ki jira lokacin sanyi.

Bayan mako 8 zuwa 10 ki dasa, tazarar taƙi ɗaya. To daga nan aikin ruwa ne. Saiwarsa ba ta nisa, jikinsa kuma kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Ƙasa ta bushe kwana biyu, karan ya yi zare-zare, ya yi ɗaci. Ga wannan, bari in buɗe muku tsakiyarsa. Kun ga baƙin nan a ƙananan ganye? Sinadarin kalsiyam ne bai isa can ba, saboda ban ruwan yau akwai gobe babu.

Don Allah 'yan uwa masu aiki a gonaki, ku sa riga mai dogon hannu ranar yanka. Ruwan karafs idan ya taɓa fata rana ta buge shi, ƙuna yake yi. Tabon nan na damtsena ya fi wata shida bai goge ba.

Wata 3 zuwa 4 bayan dashe ki yanke daga gindi da sassafe, ki naɗe a tsumma mai laima, sai firiji. Kar ki haɗa shi da ayaba ko tuffa, ganyen zai yi rawaya.