Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ziyararsa ta Damagum, Ƙaramar Hukumar Fune

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai Girma Minista, ranka ya daɗe, iyayenmu sarakuna da malamai, assalamu alaikum.

A madadin al'ummar Fune, muna yi maka barka da zuwa. Aikinka ya riga ka isowa, don haka ba za mu ɓata maka lokaci da yabo ba. Buƙatarmu ɗaya ce: a gina mana zauren baje koli na ruwa da ilimin ƙasa, wanda kwale-kwalen Dufuna zai zama ginshiƙinsa.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a wajen ƙauyen Dufuna kusa da kogin Komadugu Gana ya ci karo da wannan kwale-kwale a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, bincike kuma ya nuna ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma babu jirgin ruwan da aka gano a Afirka da ya girme shi. A ƙasarmu aka same shi, amma ɗaliban Turai sun fi 'ya'yanmu sanin labarinsa, kuma yawancin yaran Dufuna ba su taɓa sa shi a ido ba tun da aka kai shi Damaturu. Wannan yana yi mana ciwo ƙwarai.

Ranka ya daɗe, ba don ado muke roƙo ba. Kwale-kwalen shaida ne cewa wannan yanki ya taɓa wadata da ruwa, yau kuwa Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye sosai, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, yashi kuma yana cin gonaki a Yusufari. Muna son manomi da masunci da ɗan makaranta su shiga zauren su ga yadda ruwan sama ke nutsewa ya taru a ƙarƙashin ƙasa, da dalilin ƙafewar rijiyoyi, da yadda madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin Haɗeja da na Komadugu Yobe, duk da bayani cikin Hausa da Kanuri da Fulatanci.

Filin gini yana nan, mun ware. Muna sake roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa zauren nan a kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Allah ya mayar da kai gida lafiya.