Kaiseki ko Nikkei: Wane Gidan Abincin Japan Za Ka Shiga?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

A ce ka sauka a birnin Kyoto, dare ɗaya gare ka, kuɗin aljihunka kuma na cin abincin alfarma sau ɗaya ne tak. Ga gidan da ke girki kamar yadda kakanni suka bari, ga na zamani mai gauraya girkin Japan da na wasu ƙasashe. Ina za ka nufa?

Na gargajiyar sunansa kaiseki. Ya samo asali ne daga ɗan abincin da ake ba baƙo kafin a zuba masa shayi, al'adar da gwanin shayi Sen no Rikyu ya daidaita a ƙarni na 16. Kaɗan-kaɗan ake kawo maka shi, kwano bayan kwano, har takwas ko goma, kowanne da abin da lokaci ya bayar: tohon gora a watan Afrilu, kifin hamo a Yuli, naman kaza (laimar kwaɗi) na matsutake a Oktoba. Har kwanon da aka zuba a ciki sai ya dace da watan.

Ginshiƙin girkin wani romo ne garau da ake kira dashi, na ganyen teku mai suna kombu da busasshen kifi da aka kankare sirara-sirara. Ba yaji, ba mai. A cikin kombu ɗin nan ne masanin sinadarai Kikunae Ikeda ya gano ɗanɗanon umami a 1908. Duk wanda ya san abin da daddawa ke yi wa miya ya riga ya san umami, sai dai a nan raɗa take yi, dole ka natsu kafin harshenka ya kama ta.

Shi kuwa na gauraye, ƙaura ce ta haife shi. A 1899 jirgin ruwa Sakura Maru ya kai Japanawa 790 ƙasar Peru, yawancinsu don aikin gonakin rake. 'Ya'yansu da jikokinsu suka riƙe wuƙar Japan, suka ɗauki lemun tsami da barkonon Peru, aka sami girkin Nikkei. Mai girki ɗan Japan Nobu Matsuhisa ya yi aiki a Lima, babban birnin Peru, kafin ya buɗe gidan abincinsa mai suna Nobu a New York a 1994, kuma a 2025 gidan Maido na Lima ne ya zo na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafiya kyau a duniya. Harshen da ya saba da yaji zai fi saurin sabawa da wannan ɓangaren.

Ni dai ga shawarata. In har ƙafarka ta taka Kyoto, shiga kaiseki. Nobu za ka same shi a Dubai ko Landan, amma ruwan Kyoto mai laushi da kayan lambunta ba sa bin mutum zuwa wata ƙasa. Ka nemi abincin rana, ya fi na dare sauƙin kuɗi. Ka kama wuri tun da makonni, ka isa kan lokaci, kada ka fesa turare mai ƙarfi, domin yana danne ƙamshin romon ga kowa a ɗakin. Ba a kuma ba ma'aikaci tukuici a Japan.

Sai maganar da ta fi kowacce nauyi ga Musulmi. Girkin gargajiya yana yawan amfani da sake da mirin, dukkansu giyar shinkafa ce, a romo da miya, wani lokacin har cikin shinkafar sushi. A gidajen gauraye kuma naman alade na iya shigowa ba tare da an ambata ba. Saboda haka ka bayyana buƙatarka a rubuce ranar da kake kama wuri, kada ka bari sai ka zauna, don mai girkin kaiseki tun da safe yake haɗa romonsa. Wani gidan zai amsa maka, wani zai ba ka haƙuri, sai ka nemi wanda ke da takardar shaidar halal a Tokyo ko Kyoto.