Ido biyu da carbi mai lilo: laccar likitan ido ga ɗalibai a Madina

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓa kan yadda ido biyu ke auna nisa, kafin a kira Isha.

Na farko, kowa ya miƙa babban yatsa, ya rufe idon dama, sannan ya buɗe ya rufe na hagu. Kun ga yatsan ya yi tsalle? Tsakanin idanunku akwai kamar santimita 6, kowanne da hoton da yake aika wa ƙwaƙwalwa, kuma da ɗan bambancin nan take auna nisa. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda hotunan biyu ke zama ɗaya. A 1838 Wheatstone na Ingila ya ƙera na'urar da ta nuna bambancin ne ke ba da zurfi.

To ga wanda na fi so. Malam, ara mini carbinka, zan mayar, kada ka damu. Kun ga yana lilo dama da hagu, a miƙe. Yanzu a sa baƙin tabarau a ido ɗaya kawai, duka biyun a buɗe. Wallahi sai ka ga carbin yana zagaye, ya matso ya koma, kamar mai ɗawafi. Me ya sa? Idon da aka dusashe wa haske saƙonsa kan makara, makarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Sai ƙwaƙwalwa ta haɗa hoton yanzu da na ɗazu, ta ɗauka bambancin nisa ne. Ta haɗa na yanzu da na ɗazu, ku riƙe wannan. Mayar da gilashin ɗaya idon, zagayen ya juya. Bajamushe Pulfrich ne ya bayyana wannan a 1922, kuma abin dariya, shi kansa ido ɗaya ne ke gani, bai taɓa ganin abin ba!

Na uku, jarirai. Wannan ganin zurfi da ido biyu kan fara tsakanin wata uku zuwa biyar da haihuwa.

Na'am, Alhaji? Yana tambaya game da ɗansa mai harara-garke. Alhaji, kada a jira ya girma. Ƙwaƙwalwar yaro takan yi watsi da hoton karkataccen idon, har idon ya yi rauni. Shekarunsa nawa? Uku? Kai shi asibitin ido cikin makon nan, a duba ko tabarau zai isa.