An ce kana da suga: ka koma aiki ko ka zauna a gida?

[Hoto: layin jira a asibiti, hannu riƙe da takardar gwaji]

Tambayar nan ta yi yawa kwanan nan, kuma kusan kalmominta iri ɗaya ne. "Likita ya ce ina da ciwon suga, an kuma ce mai suga kowace cuta kama shi take yi. In koma bakin aiki, ko in killace kaina?" Malamin makaranta ya tambaya, mai shago a Kantin Kwari ya tambaya, ma'aikaciyar banki ma haka.

Mu fara sallamar ƙaramar damuwar. Ba a ɗaukar ciwon suga. Wanda ya ci tuwo kwano ɗaya da kai, abin da zai tashi da shi ƙoshi ne kawai.

[Hoto: ofis, kasuwa, aji cike da yara]

Babbar damuwar kuwa tana da tushe. Mai suga ya fi saurin samun maruru, ciwon mafitsara, ƙaiƙayin gaba, da ciwon dasashi. Haɗarin tarin fuka a wurinsa ya kai ninki biyu zuwa uku na wanda ba shi da ciwon. Duk wannan gaskiya ne.

To amma ga inda lissafin ke karkacewa, kuma nan za mu daɗe.

[Hoto: kalanda, shafukanta suna komawa baya]

Mutane suna ƙirga haɗarin daga ranar da aka miƙa musu takarda. Alhali ciwon suga iri-iri ne, kuma nau'i na 2, wanda shi ke damun fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, yakan yi shekaru a jiki ba a sani ba. Watau lokacin da kake tashi fitsari sau da yawa cikin dare, kana shan ruwa ba ka ƙoshi, kana cewa zafin gari ne, a lokacin nan sugan yana sama, ba magani, kuma kullum kana zuwa aiki. Kana shiga adaidaita, kana gaisawa da jama'a, kana bin sahu. Wancan lokacin shi ne mafi haɗari, kuma ya riga ya wuce. Yau da ka sani ka fara magani, haɗarin ya kama hanyar sauka.

[Zane: cikin jijiya, fararen ƙwayoyin jini suna yawo]

Dubi waɗannan fararen. Su ne 'yan sintirin jiki. Da ƙwayar cuta ta shigo, su ke rugawa wurin, su kewaye ta, su haɗiye ta. Idan suga ya yi yawa a jini, sai su yi nauyi: ba sa isa wurin da wuri, in sun isa ma ba sa kashe ta yadda ya kamata. Da sugan ya sauko, ƙarfinsu yakan dawo sosai. Saboda haka abin da ke buɗe wa cuta ƙofa shi ne yawan sugan da ke cikin jininka yau, kuma wannan yana tare da kai ko kana ofis ko kana ƙuryar ɗaki. Zaman gida ma, a ganina, ya fi cutarwa ga mafi yawan mutane: ba motsi, ga tunani, ga kicin kusa.

[Hoto: na'urar gwaji, ɗigon jini, lamba ta fito]

Lambobi uku. Da safe kafin a ci komai, idan gwajin sugan jini ya nuna 126 zuwa sama a ma'aunin mg/dL, shi ake kira ciwon suga, ko 7.0 idan na'urarka ɗaya ma'aunin, mmol/L, take amfani da shi. Idan ya haura wajen 180, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari. Shi ya sa kiyashi ke taruwa a banɗaki, shi ya sa kuma ƙwayoyin cuta ke samun abinci a mafitsara. Na uku gwajin HbA1c, wanda ke tona asirin yadda sugan jininka ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin manya ana son ya yi ƙasa da kashi 7. Shi wannan ba a yaudararsa da ƙin shan shayi ranar zuwa asibiti.

[Ba hoto sosai a nan, fuskar mai magana]

Sai ɗaya ɓangaren, a saurara da kyau. Ita ma cuta tana ɗaga suga. Zazzaɓi ya kama ka, ka kasa cin abinci, sai ka ce tunda ban ci ba bari in ajiye magani. A daidai lokacin kuwa jiki yana sakin sinadaran da ke sa hanta ta zubo suga cikin jini, ko da cikinka babu komai. Sugan ya hau, garkuwa ta ƙara rauni, cutar ta ƙara samun wuri. Don haka mai allurar insulin, wato allurar sauke suga, ba ya daina ta don kansa. A riƙa gwaji duk bayan awa 3 zuwa 4, a sha ruwa sosai. Idan amai da gudawa ne kuma kana shan maganin suga na metformin, kira likita, domin shi akan dakatar da shi na ɗan lokaci. In aman ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi sauri, ko mutum ya fara ruɗewa, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

[Hotuna da sauri: ƙafa, tawul, takalmi, reza]

Ƙafa. Duba ta kowane dare, har tsakanin yatsu. Bayan alwala a goge ta bushe. Da hunturu a shafa mai saboda faso, amma ban da tsakanin yatsun. Bakanike, birkila, manomi: takalmi sau-ciki, silifas ta huta. Mai yankan farce na bakin titi, a yi haƙuri da shi. Tari ya kai mako 2, je a gwada majina, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Tambayi likita rigakafin ciwon hanta nau'in B. Wanke hannu, kamar kowa.

[Hoto: aljihun tebur, ƙwayar sukari, kwalbar lemo]

Abin da ya fi saurin samun ka a wurin aiki ma faɗuwar suga ce, musamman ga mai insulin ko mai shan maganin suga na glibenclamide da ya tsallake abinci. Gumi, karkarwa, jiri, lamba ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL: sha rabin kofin lemon kwalba ko ka tsotsi ƙwayar sukari 3 zuwa 4, jira minti 15, sake gwadawa. E, mai suga da sukari a aljihu. Ka sanar da mutum ɗaya da ka yarda da shi a wurin, kada ka faɗi a tsaya ana yi maka tofi da fifita kawai.

[Hoto: direba a sitiyari, mai aiki a kan tsani]

Su wa za su ɗan dakata? Wanda aka kwantar, wanda ke da rauni a ƙafa bai warke ba, da direba ko mai hawa sama da aka fara wa insulin, har sai likita ya daidaita masa adadin. Haka wanda ganinsa ya yi hazo a makonnin farko. Wannan yakan faru yayin da suga ke sauka, kuma yakan washe, don haka kada a yi saurin yanka tabarau. Saura kuwa, a je da tambayar wurin likita a ganawa ta gaba, a tafi da littafin da ake rubuta lambobin safe.