Battlefield Band: Makaɗa Sun Sauya, Algaita Na Nan

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya leƙa Sikotilan, wajen ƙungiyar makaɗan gargajiya ta Battlefield Band, wadda ta ari sunanta daga wata unguwa a kudancin birnin Gilasgo, inda wasu ɗalibai suka kafa ta a 1969. Cikinsu biyu ne suka daɗe: Brian McNeill mai goge, wanda ya tafi a 1990, da Alan Reid mai waƙa da fiyanon lantarki, wanda ya yi ban kwana a ƙarshen 2010. Tun daga nan babu ko ɗaya cikin 'yan farko, amma ƙungiyar ta ci gaba da hawa dandali na wasu shekaru.

A ganinmu, abin da ya riƙe ta shi ne yadda ta iya zaunar da algaitar Sikotilan a tsakiyar goge da jita da fiyano. Aikin ba wasa ba ne. Wannan algaita tana da salkar fata da mai busa ke matsewa a hammata, wadda ke yi masa aikin da kumatu ke yi wa mai algaitar fada a wajenmu. Tana da bututu uku masu ruri ba tsayawa, da bututun waƙa mai murya tara kacal. Ba a rage mata ƙara, ba ta kuma yin shiru a tsakiyar kiɗa. Uwa-uba, muryarta ta ɗara ta sauran kayan kiɗa tsayi da kimanin rabin mataki. Dole mai goge ya ƙara ɗaure tsirkiya ko ya sauya yatsu, mai jita kuma ya maƙala matsi a gaɓar farko ta wuyan jitarsa.

Ko an daidaita, ba a gama ba. Zafin fitilun dandali yana ɗaga muryar algaitar, danshin numfashi kuma yana taɓa belin da ke ciki. Shi ya sa mai busa ke ɗumama ta na 'yan mintuna kafin a fito. Idan murya ɗaya ta yi sama, sai ya yanki ɗan salatif ya rufe leɓen saman ramin, ya sake busawa, ya kasa kunne. In aka yi sakaci da wannan, kafin waƙa ta uku za ka ji goge da algaita suna faɗa.

Don haka kujerar mai busa ita ce mafi wuyar cikewa. Duncan MacGillivray ya riƙe ta, sai Dougie Pincock, sai Iain MacDonald, sannan Mike Katz, haifaffen Los Angeles a Amurka, wanda ya shigo a 1997.

Shekarar 1990 ce ta fi girgiza su, domin McNeill da Pincock sun tafi kusan lokaci guda. Sai ƙungiyar ta miƙa gogen ga John McCusker, yaro ɗan shekara 17. Kasada ce babba, kuma ta biya, don ya yi shekara 11 tare da su. Da ya tashi a 2001, aka sake ɗauko wani matashin, Alasdair White daga tsibirin Lewis. A shekarar ce kuma mawaƙinsu Davy Steele ya rasu, rashin da ya taɓa su ƙwarai, Karine Polwart ta riƙe waƙa na ɗan lokaci.

Akwai mutum guda da ba a ganinsa a dandali, amma duk waɗannan sun bi ta hannunsa: Robin Morton, ɗan Arewacin Ailan, manajansu kuma mai kamfanin Temple Records. A wani tsohon coci da ya mayar ɗakin naɗar sauti, a ƙauyen Temple kudu da Edinbara, ya riƙa naɗar faya-fayansu tun wajen 1980, kunne ɗaya yana sauraron kowane sabon shiga. Morton ya rasu a 2021.