Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Muhalli A Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, da 'yan tawagarka. Hakimai, Sarkin Ruwa da Homa shugaban masunta, malamanmu, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya.

A madadin masunta da manoman fadama na ƙasar Kanta, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, to balle baƙon da ya zo duba lafiyar gulbin da muke ci daga gare shi.

Ranka ya daɗe, da bikin kamun kifi duniya ta san garin nan. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka shirya masa kamun kifi domin ƙarfafa sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta saka bikin cikin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbin Matan Fada, ya ji ƙarar bindiga, ya ga dubban maza sun auka ruwa kowa da gorarsa da homarsa, makaɗa na bin su a jirage, ba zai manta ba. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa kilo 78 ne.

Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, gulbin kuwa mu muke kwana mu tashi da shi. Yashi yana cinye shi. An sare itatuwan gaɓa an yi gawayi, damina na zuwa ruwa ya kwaso ƙasa ya zuba ciki. Gurbin da a da sai gwani ke nutso a cikinsa, yanzu da bazara yaro yana ƙetare shi wando a naɗe. Giwan ruwa kuwa kifin zurfi ne, ba ya zama inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

Akwai kuma batun madatsun ruwa, na Bakolori a Talata Mafara da na Goronyo a kan gulbin Rima. Ba mu ƙi su ba, shinkafar rani ta rufa wa mutane da yawa asiri. Amma kifi a fadama yake zuba ƙwai idan ruwa ya malala a kan lokacinsa. Yanzu ko dai a riƙe ruwan har fadama ta bushe, ko ya zo a sake ya haɗa da gonaki, kuma ambaliyar 2020 ba ta bar zukatan manoman Kebbi ba. Ga masu su da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, ga masu zuba gubar gamalin a ruwa. Wannan ba su ba ne, ɓarna ce.

Idan ka gangara Yawuri, a kan kogin Neja, kukan ya ɗan bambanta. Gonaki sun kai har bakin ruwa, dorina ta rasa inda za ta yi kiwo da dare, sai ta faɗa wa shinkafa, wani lokaci ta kife jirgin masunci. Ayu kuwa, yara da yawa a bakin tsofaffi kawai suke jin sunansa.

Iyayenmu ba su jira kowa ya koya musu kiyaye ruwa ba. Matan Fada a rufe yake duk shekara, ba mai jefa taru sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa kifin yake samun girma. Roƙonmu gwamnati ta ɗora a kan wannan. A yashe gulbi, a mayar da itatuwa gaɓarsa, kuma masu kula da madatsun su riƙa shawara da mu kafin su riƙe ruwa ko su sake shi. Dokar Sarkin Ruwa ma tana son hukuma ta tsaya mata, saboda yanzu mai zuba guba ba ya jin kunyar dattawa.

Bayan an tashi daga nan, Homa zai sa ka a jirgi ka ga tsibiran yashin da idonka, daga can kuma sai gidan tarihi na Kanta, fadar da Sarki Yakubu Nabame ya gina. Allah ya sa ka zo a sa'a, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.