Nikko biyu ce: ta ƙasa da ta kan dutse

Kun ga hoton nan da ake ta yaɗawa: ƙofa mai adon zinariya a gefe guda, ruwa na kwararowa daga dutse a ɗaya gefen. Shi ya sa mutane ke zaton da ƙafa za a je daga wannan zuwa wancan. Ina! Duka a Nikko suke, a ƙasar Japan, amma ɗaya na gari, ɗaya na can sama.

Ta ƙasa tukuna, a gurguje. Daga tashar Asakusa a Tokyo, jirgin ƙasa mai sauri na kamfanin Tobu zai kawo ku cikin kamar awa biyu. Ga jar gadar Shinkyo a kan kogin Daiya. Bayanta, cikin dogayen itatuwan nan, akwai wuraren bauta uku: Rinnoji na mabiya Buddha, wanda asalinsa ke komawa ga wani malamin addinin mai suna Shodo Shonin a shekarar 766, sai Futarasan da Toshogu na addinin Shinto. Toshogu an yi shi ne domin Tokugawa Ieyasu, shugaban mulkin soja na Japan wanda ya mutu a 1616, jikansa Iemitsu kuma ya sake gina shi a 1636. Ƙofarsa ta Yomeimon kaɗai, wato mai adon zinariyar nan, tana da sassaƙa fiye da 500. Biran nan uku, mai toshe kunne, mai rufe baki, mai rufe ido, a sassaƙe suke a jikin bargar doki ta Toshogu, kuma ƙanana ne, sai kun ɗaga kai.

To, ga inda ake tafka kuskuren.

Tafkin Chuzenji, a Nikko ta kan dutse, yana kan tsayin mita 1,269 daga matakin teku. Daga tashar jirgi, bas kan yi kamar minti 45 kafin ta isa, idan hanya babu cunkoso. Hanyar ita ce Irohazaka, mai kwana 48, kuma hanyoyi biyu ne daban: ta hawa mai kwana 20, ta sauka mai kwana 28. Kowacce gefe ɗaya ake bi.

Ku kula da nan. Akechidaira, inda ake shiga motar igiya a hango tafkin da magangarar Kegon tare, tana kan hanyar hawa ne kawai. Wanda ya ce "bari sai mun dawo", to sai dai wata shekarar, domin bas ɗin dawowa ba ta bi ta wurin. Ku sauka tun kuna hawa, ku gama kallo, ku jira ta gaba.

Kegon mita 97 ce. Akwai lif da ke sauke mutum mita 100 cikin dutse zuwa dandamalin ƙasa, kuma ni a ganina kuɗin bai tafi a banza ba. Idan hazo ya rufe, ƙarar ruwan kawai za ku ji.

Ganye kan yi ja a bakin tafki wajen tsakiya zuwa ƙarshen Oktoba, a gari kuwa sai farkon Nuwamba. A lokacin nan, ranar hutu, tafiyar minti 45 kan iya zama awa biyu ko uku. Saboda haka ku juya tsarin: bas ta farko da sassafe zuwa sama, da rigar sanyi, wuraren bauta kuma da rana. Biran kan hanya ba a ba su abinci, doka ta hana, kuma sun ƙware wajen fizge leda.

Amma kada ku shantake a bakin tafki. Toshogu na rufewa ƙarfe 5 daga Afrilu zuwa Oktoba, ƙarfe 4 daga Nuwamba zuwa Maris, ana daina shiga saura rabin awa, ga matakala 207 kafin a kai kabarin Ieyasu.